Ƙwaron Bagaruwa

A bayan Ƙofar Gayan, inda ganuwa ta zube,
akwai bagaruwa uku, ta tsakiyar ta karkace.
Baba Cindo majemi ne, da 'ya'yansu yake jima.
Damina na faɗuwa sai ya ce,
"Barau, je ka dubo mini ko sun yi toho."

Ruwan farko daren Talata ya sauka.
Kafin Juma'a na tarar an riga ni:
baƙi ne a kan reshe, ko ƙwayar wake ba su kai ba,
baya a kumbure kamar tasa a kife,
kore shar, in rana ta karkata ya koma tagulla,
ga ɗigo biyu a kafaɗa, sai ka ce an zana da alli.

Na kai yatsa, ɗaya ya naɗe ƙafafu,
ya saki ganye, ya faɗo tafina a sandare.
Na ce na kashe shi.
Ina cikin istigfari ya miƙe,
ya buɗe murfin bayansa, ya tashi ba sallama.

Macen ta fi girma, ba ta da gaggawa.
Ƙarƙashin ganye take jera ƙwai,
sahu-sahu, ruwan ɗorawa,
ta lissafa abinta a zuci, ta wuce, ba waiwaye.
Kwana bakwai na ƙirga da tsakuwa a aljihu.
Ran na takwas ga tsutsotsi, baƙaƙen kai,
sun fara da ɓawon da ya haife su,
suka zagaye ganye kamar yara a bakin akushi.
In zanzaro ya matso sai su ɗaga wutsiya gaba ɗaya,
su saki wari, ya koma da yunwarsa.

Sau uku na ga sun tuɓe riga,
tsohuwar na lilo a jikin ƙaya.
Bishiyar tsakiya ta koma tsinke.
Baba ya zo da kansa, ya tsaya, hannu a ƙugu:
"Bana fata za ta ruɓe mini a kwatarniya."
Na ce mu watsa toka. Ya daɗe yana kallo.
"Bar su. Sun riga kakana sanin bishiyar nan."

Wata safiya babu ko ɗaya.
Na tona gindi da tsinken kara,
ga su a ɗakunan laka, kowa da nasa,
farare, a naɗe, ba ci ba motsi,
kamar an yi musu sutura ana jiran liman.
Na mai da ƙasar yadda na same ta.

Bishiyar ta sake ganye kafin kaka.
Buhu ɗaya da rabi muka tsinta maimakon uku.
Baba ya cika da saye, bai ƙara zancen ba.

Yau shekara talatin. An yanka wurin fuloti,
biyu sun tafi gawayi, karkatacciyar ce ta rage
tsakanin katangar bulo da shagon mai cajin waya.
Baba yana kwance can gabas, ƙarƙashin tasa ƙasar.
Jiya da daddare aka yi ruwan farko.
Na tsaya a gindinta, babur ɗina na kunne,
na miƙa tafi,
wani abu kore ya faɗo, ya naɗe ƙafafu.
Wannan karon na san shi. Na jira.