Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe huɗu na baro Agege,
gari bai waye ba, titi ya riga ya farka.
Kwandasta na kiran Oshodi kamar mai bin bashi.
Ga ni a kujerar baya, fensir biyu a jaka,
tabarau a hanci, furfura ƙarƙashin ɗankwali,
za ni Ijanikin a tambaye ni
ko har yanzu na iya karɓar haihuwa.

Ni, Zulaihatu 'yar Ɗanliti mai goro!
Shekara ashirin da uku ina yanke cibiya.
Waɗanda na tara suna tsala ihu
yau wasunsu ke jan tirela zuwa Apapa.
Wa ya sani ko yarinyar da ke bakin ƙofa,
mai cewa, "Mama, a bar waya a waje,"
ba a tafina ta fara shaƙar iska ba?

Tun watan Janairu nake mita:
makin taro, makin bita,
rasit, hatimi, hoto mai farin bango,
kuɗin da ya isa buhun shinkafa uku.
Na ce wa Sista Nkiru, "Da tsohuwar zuma ake magani."
Ta ce, "Haka ne, Dakta,
amma akan buɗe tulun a duba ko ƙuda ya faɗa."
Kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba.

Zaure ya yi tsit, sai janareto ke tari.
Ɗaya zuwa sha shida na ja su kamar carbi.
Sai ta sha bakwai:
*Mace, shekara talatin da ɗaya, haihuwa ta biyar.
Mabiyiya ta faɗo, jini ya ƙi tsayawa,
mahaifa ta saki. Me za a yi?*

Ai na san ta.
Hansatu ce, mai waina a Alaba Rago,
da lallen da ta sa don suna, bai ko dushe ba.
Daren ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
an ɗauke wuta, Nkiru na riƙe da tocila.
Duk abin da littafi ya ce a lokacin, na yi.
Mijinta ya fita neman jini,
ruwa ya tare shi a gada,
ya iso da leda biyu a ƙirji
ya tarar mun ja mata zane har ka.

Ga amsa huɗu a gabana.
Ta uku allura ce da ba ta cikin littafinmu,
da 'yar balan-balan da ake hurawa a mahaifa.
Bara na koye su, a bitar da na je ina tsaki,
na zauna can baya don kawai a sa min hannu.
Tun daga nan mata huɗu sun tashi a kansu,
sun koma gida suna shan kunun kanwa.

Na san ajali ba ya jiran allura.
Na sani. Na faɗa wa kaina sau dubu.
Amma wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani,
bai kuwa ce ya gama saukarwa
ranar da aka rataya min takarda a bango ba.

Na cike gurbi na uku
har bakin fensir ya karye.
Na ɗauko na biyun.

Sun ce sakamako sai bayan mako shida,
takardar kuma tana da wa'adi, za ta tsufa, a sake.
To, a sake.
Hansatu ce ba ta da ranar ƙarewa.

A ƙofa yarinyar ta miƙo min wayata.
Kira tara, duk na Nkiru:
"Gado na shida, faya ta fashe, ɗan ya zo a gicciye."
Na tsayar da mai Keke, ban tsaya ciniki ba.
Ina hanya ina naɗe hannun riga.