Tsirkiya Bakwai a Damazin

A Damazin, shekarar da aka gyara famfunan ban-ruwa,
ni ne mai gadin dare, da tocila da butar shayi.
Injiniyan ɗakin ƙarshe ɗan Sin ne, sunansa Ruwan.
Muka ce, ruwan me? Ya yi dariya, bai gane ba.

Bayan isha, in an kashe janareta,
sai ya wanke hannu kamar mai shirin ɗaukar allo,
ya kwantar da wani baƙin katako a tebur,
dogo, mai tsirkiya bakwai.
Ya ce sunanta gucin.

Na gyara zama. Ni jikan mai garaya ne.
Kakana ya tako daga Haɗeja da niyyar Makka,
ya yada zango a Mai Wurno,
masu biki suka hana shi wucewa har ya tsufa.
A gidanmu kiɗa yakan kama mutum ta ƙugu
tun bai tambayi sunansa ba.

Ya taɓa ɗaya.
Na jira.
Kwaɗo ya yi kuka sau uku a bakin kogi.
Ya taɓa wata.
Na ce a raina, ɗaurin tsirkiya yake gwadawa,
yanzu zai fara.
Shayina ya huce.
Ya ɗaga hannu ya ce ya gama.

Barmo direba ya ce, wannan ai yoyon rufi ne
bayan ruwa ya ɗauke.
Ina amshi? Wa ake yi wa kirari?
Ba inda ƙafa za ta taka, ba goshin da za a yi wa liƙi,
kuma sauro ɗaya ya isa ya danne muryarta.
Ban musa masa ba.
Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne:
sauti ya mutu, amma yatsa bai tsaya ba,
yana ta jan jiki a kan tsirkiya
da wata 'yar ƙara kamar ana jan tabarma a ɗakin maƙwabci,
kamar mai rakiya da bai juyo ba
bayan baƙo ya sha kwana.

Da guntun Larabcinsa da nawa na tambaye shi,
wa kake yi wa?
Ya ce mutum ɗaya ya isa.
In babu? Ya nuna ɗakin.

Kunnena kunnen kasuwa ne, na sani.
Kalangu yakan yi alkawari ya cika,
ya tafi ya dawo inda ka bar shi.
Ita wannan in ta faɗi magana ba ta maimaitawa,
ta bar maka fili, ba ta ce ga abin da za ka shuka ba.

Daren da aka bugo waya cewa yayana Tanimu ya rasu,
ba mota sai da safe.
Kowa ya zo da kalmarsa, na karɓa, na amsa,
har bakina ya gaji da amin.
Ruwan bai san gaisuwar ba.
Ya fito da teburinsa bakin ƙofa.

Ya taɓa ɗaya.
A tsakaninta da ta biyu
na ga Tanimu yana ɗinkin koma da zare a haƙori.
Ya taɓa wata.
Na ji tarinsa na asuba.
Ba wanda ya hanzarta ni.
Yatsan ya bi tsirkiya bayan sauti ya ƙare,
ni ma na bi.

Aikinsu ya ƙare, ya naɗe ta cikin shuɗin ƙyalle ya tafi.
Har yau Barmo yakan tsokane ni:
to, malamin yoyo, da daɗi ko babu?
Nakan buɗe baki.
Sai in zuba masa shayi.