Asuba Tara

Bara war haka mu biyu ne,
ƙararrawar majami'a ke tashinmu.
Bana Perlita ta riga ta.
Ƙarfe uku da rabi take buɗe baki,
zakaran maƙwabta ma ya sallama mata.

A garinmu na bakin teku, a tsibirin Samar,
asuba tara ake zuwa sujada
kafin daren Kirsimeti.
Tsofaffi sun ce wanda ya cika taran
ya roƙi abu ɗaya.
Shekara huɗu ni da Amparo muna cikawa,
roƙon bai taɓa sauyawa ba.
To, ga shi nan a kafaɗata,
wata uku da kwana shida,
yana yi mini tumbuɗi a rigar da na goge da dare.

Asuba ta farko mun makara.
Ta biyu mun baro zanen goyo a kan igiya.
Ta uku Amparo ta yi barci a tsaye,
kanta a jikin ginshiƙi, leɓenta na motsi,
ban san ko addu'a ce
ko lissafin kuɗin sabulu ba.

Na fere gora na ɗaura tauraro
yadda ubana ya koya mini,
takarda ja, takarda fara, jela biyu na lilo.
Ƙusurwa ɗaya ta karkace,
don da hannu ɗaya na ɗaure ta,
ɗayan yana jijjiga yarinya.
Na rataye shi a taga a haka.

Ta shida jikinta ya yi zafi.
Muna ji ƙararrawa ta kira, ta sake kira,
muna jin takalman mutane a kan tsakuwa,
mu kuwa tsumma da ruwan ɗumi,
da fitila, da numfashinta muna ƙirgawa.
Amparo ta ce, tara ta karye.
Ta faɗa a hankali, tana kallon bango.

Da hantsi sai ga Kaka Consuelo
da wainar shinkafa a ganyen ayaba,
kwakwa a kai, gefen ya ɗan ƙone.
Ta taɓa goshin yarinya da bayan hannu,
ta ce zafin ya sauka.
Ta ce, ku da aka riga aka ba,
me kuma kuke ƙirgawa?
Ta cinye rabin wainar da kanta.

Daren Kirsimeti muka tsaya can baya
kusa da ƙofa, wurin masu jarirai,
wurin da ban taɓa sanin akwai shi ba.
Kowa na jijjiga, kowa na lallashi,
muna gaisawa da ido.
Da aka tashi na matsa gaban komin dabbobi.
Tun ina yaro makiyaya nake kallo,
da raƙuma, da jakin da kunnensa ya ɓalle.
Bana Yusufu na kalla.
Masassaƙi ya yi masa ido a lumshe,
da can na ɗauka tsoron Allah ne.
Ɗan'uwana, na ce a raina,
kwana nawa rabonka da barci?

Abincin tsakar dare bi da bi muka ci.
Taliya ta huce kafin ta zo kaina,
yara na fasa ƙwallayen wuta a titi,
tafina biyu a kan kunnuwanta,
Amparo na ba ni a baki tana dariya,
miya na zuba a gwiwata.

Jirgin kamun kifina na nan a kan yashi,
jibi zan koma teku.
Na ce zan gyara ƙusurwar tauraron.
Amparo ta ce in bar shi.
Can Perlita ke kallo in ta farka.