Awa Ɗaya Daga Ambursa

Shekara talatin da biyu ina jan albasa
daga Aliero zuwa kudu.
Kowane rami na san shi da sunansa.
Yau ga ni a kujera ta sha huɗu, gefen taga,
an ɗaure ni da bel kamar buhu.

Kulu ce ta yanki tikitin.
Ta ce, "Baba, ƙugunka ba zai ɗauki Kwantagora ba,
kuma likitan ƙashi ƙarfe biyu ya ba mu."
Na ce, biyun gobe?
Ta yi dariya har da dafa bango.

Wata murya daga rufi ta ce
Abuja awa ɗaya ce, ƙila ma ba za ta cika ba.
Awa ɗaya!
A awa ɗaya ban bar Jega ba,
ina can ina ciniki da mai faci kan kuɗin iska.

Muka ɗaga.
Shinkafar fadama ta koma tabarma,
gulbi ya zama zaren da aka yar a tsakar gida.
Na manna goshi a gilashi ina neman Koko,
ina neman rumfar Ɗan'ige mai shayi
da ke bina kofi uku tun bara.
Gajimare kawai.
Bandar kifin Yawuri ma,
hayaƙinta bai iso nan ba.

Ƙafata ta dama sai taka birki take yi
a kan kafet.

Saurayin da ke gefena ya duba wayarsa:
"Kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai, Alhaji, in ta sama ne."
Na ce, ɗan nan, mu ba haka muke awo ba.
Salla huɗu ce da taya ɗaya,
da shingen da ba a ƙirgawa,
da goro biyu don barci,
da hawan nan na kusa da Tegina
inda Magawata, yaron motata,
ya sauka sa wa taya weji
bai sake hawowa ba.

Duk sanda na zo wurin nakan rage giya,
in yi masa Ƙulhuwallahu uku.
Shekara goma sha tara ban taɓa fashi ba.
Yau ban san sanda muka tsallake shi ba.
Ina jin lokacin ina fama da ledar biskit.

Tayoyi suka taɓa ƙasa.
Ko azahar ba a kira ba,
rigata ko ƙura babu.
Kulu ta kama hannuna a matakala:
"Baba, ka gaji?"

Ban gaji ba, 'yar nan.
Abin da ke damuna ke nan.

In likita ya sallame mu,
nemo mini gaban mota, ko ta gawayi ce.
Akwai wanda na wuce ban gaishe shi ba.