Garin da Ke Cikin Mutari

Shekara ashirin hannuna na cikin alkama.
A lungunmu na Birni nake murza alkaki,
in jera a faranti, in kai Kasuwar Dole,
matafiya Agadas su saya tsaraba,
su ce na Gaptiya ya fi shan zuma.

Shi ya biya haya, shi ya sayi ruwan garuwa
a watannin da famfo ke tari ba ɗigo.
Ran da na yaye Mutari shi na sa masa a baki,
ya tsotsa, ya yi dariya, ya miƙo hannu kuma.

Daga nan ciki ya tashi kamar tulu,
ƙafafu suka koma karan dawa bayan girbi.
Zawo safe, zawo dare.
Aka ce haƙori ne, aka ce baki ne.
Ni kuwa duk mai tallan magani da ya gifta
sai in sayi kafso in fasa a cokali.
Yaro na ci, yaro na rama.

A babban asibiti Likita Cima ta daɗe kan takarda,
ta ce sunan ciwon siliyak. Na ce ta maimaita.
Ta ce, "Cikin hanji kamar sabon tawul yake,
da gashinsa yake tsotse abinci.
Jikin ɗanki in ya ga alkama sai ya ce ɓarawo,
ya yi ta duka cikin duhu, ya sami na gida,
har tawul ya koɗe kamar tsohuwar tabarma."

Na ce, "Yayyensa uku da alkakin nan suka girma."

Ta aje biro. Ta ce, "Akwai gado,
amma da yawa na ɗauke da shi yana barci har tsufa.
Akwai kuma gari a cikin kowa,
ƙwayoyin halitta da ido ba ya kamawa,
sun fi Damagaram yawa, ko an haɗa da Mirriya.
Wasu 'yan dakau ne, suna ƙarasa abin da ciki ya bari,
wasu masu gadin katanga,
wasu ke nuna wa jiki baƙo da abokin zama.

In an ƙirga su a cikin masu ciwon nan
sai a tarar unguwanni sun sake fuska.
Ko tashin mutane ne ya kayar da katanga,
ko faɗuwar katanga ta kori mutane,
masu bincike na nan suna fama."

Na ce, "Kafson fa?" Muryar ba tawa ba.
Ta ce, "Ba ya tambayar suna in ya shiga shara,
amma ban ce shi ne ba, ba ni da shaida.
Kada ki ɗauki kayan da ba a aza miki ba."
Duk da haka na ɗauko, ba gammo,
har Birni ina tsuma.

Yanzu turmi biyu gare ni, kasko biyu,
cokalinsa da jan zare a wuya.
Fura da nono, tuwon gero, zogale, daddawa.
Ko dunƙulen miya sai yayarsa ta karanta bayansa.
Na tambaya ko nono zai warkar da shi,
ta ce nono abinci ne, maganin dai barin alkama.

Wata bakwai, kumatu sun dawo.
Jiya na hango shi kan dutsen bayan gida.
Na gwada masa alkaki da garin shinkafa,
ya ƙi lanƙwasa, ya farfashe a mai,
ya tsince ɓarɓashin yana lasar zuma.

Da dare cikinsa ya yi ƙugi, ya kasa kunne,
ya ce, "Inna, mutanen garina na daka."
Hannuna na ƙamshin abin da ba zai ci ba,
na wanke sau biyu kafin in dafa cibiyarsa.
Na ce, "Gaishe su. Ka ce akwai wurin zama."