Kilo Ashirin da Uku

Sigina ta fito ran Talata,
sunana na huɗu a jeri:
Kofur Haladu Tanimu, makanikin inji,
sansanin jiragen sama a hayin teku,
wata goma sha takwas, ban da iyali.
Kwana biyar aka ba ni na sallama.
Hanya ta cinye biyu.

Iya Tabawa ta aro sikelin mai sayen shinkafa,
ta rataye shi a reshen darbejiya.
Na ce kilo ashirin da uku aka yarje mini.
Ta ce, wa ya auna ɗa
har ya san iyakar abin da uwarsa za ta ba shi?

Kuka ƙulli uku. Daddawa. Yaji mai citta.
Bandar tarwaɗa daga fadamar Baturiya,
har yanzu tana ƙanshin hayaƙi.
Na san a filin jirgi wani mai safar hannu
zai sunsuna, ya yamutsa fuska, ya jefa kwandon shara.
Ban faɗa mata ba.
Na cire takalmina na biyu
don kifin ya samu wurin kwanciya.

Kawu Dantala ya zo da saƙo ga manyanmu:
jan-baki sun sauka a gonarsa,
a taimaka a turo jirgin feshi.
Na ce, Kawu, namu ba irin wannan ba ne.
Ya ce, ba fiffike gare shi ba?

Yaran unguwa direban jirgi suke ce mini.
Ni kuwa ban taɓa zama a kujerar gaba ba.
Nawa shi ne in kwanta ƙarƙashin ciki,
in ɗaure noti, in kasa kunne
kamar ungozoma,
sannan in sa hannu a takarda
cewa ɗan wani zai tashi ya dawo.

Sambo na bar wa sifanu biyu da filaya.
Na nuna masa inda injin ban-ruwa ke shaƙewa
in kacalla ta toshe bakin tiyo.
Yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan agogona.
Shi ma na kwance masa.

Da dare Lantana ta ɗora hannuna a cikinta.
Wata shida. Ya motsa sau ɗaya, ya yi shiru.
Ba ta yi zancen suna ba,
ba ta tambayi wa zai yi huɗuba ba.
Ta ce, can ɗin, ina za ka fuskanta in za ka yi salla?
Na ce waya za ta nuna mini,
an ce a can alƙibla ta fi kusa da kudu.
Ta daɗe tana kallon azara.
Ta ce, ashe gabas ma tashi take yi.

Ina ɗan shekara tara
na tsinci wata agwagwar ruwa matacciya a gaci,
da zoben ƙarfe a ƙafarta,
lambobi da rubutun da malamin firamare ya kasa karantawa.
Baba ya ce baƙuwa ce, daga bayan sahara da teku,
wani ne can ya sa mata shaida
don ya san inda ta faɗi.
Na ɓoye zoben a gwangwanin madara.

Yau ga ni da nawa a wuya:
suna, lamba, nau'in jini, addini.

Da asuba na tono gwangwanin a bayan rumbu.
Na sa zoben a aljihun gaba,
bai kai nauyin da sikeli zai gani ba.

Sambo ya tura kwalekwale.
Sama da mu garken farko na bana yana saukowa,
a gajiye, ba jaka, ba takarda.
Na ɗaga kai ina ƙirga su
har Iya ta daina kiran sunana daga gaci,
ko kuwa ni ne na daina ji.