Mantau a Gefen Hoto

Kwalin ya iso Tawa daga Yamai ran Talata,
a bayan motar kasuwa, ƙarƙashin buhunan gishiri.
Hotuna arba'in da biyu, baƙi da fari,
aka ce in koya wa yara tarihi da su.
Na ɗaure igiya daga taga zuwa ƙusar allo,
na shanya su kamar wanki.

Ƙarƙashin kowane akwai rubutun wani baƙo
mai son lanƙwasa wutsiyar baƙi:
Mata a bakin rijiya.
Maƙeri.
Kasuwa da hantsi.
Ya ƙirga raƙuma, ya sa shekara,
har gawon da ke bayansu ya san sunansa,
amma bai ce wa kowa "wa kake?" ba.

Ina tsakiyar bayani, alli a hannu,
sai ga Tsahara mai ƙosan ƙofar lakwal
ta biyo wani yaro bashin dala biyar.
Ta tsaya. Ta manta da yaron.
Ta goge mai a gefen zanenta,
ta kai fuska kusa
har numfashinta ya kaɗa takarda.

"Mushe, ai wannan rijiyar Nomau ce.
Gaba ashirin da ɗaya, ruwanta da ɗanɗanon kanwa.
Mai tulun nan Tabawa, ba ta ba da aron guga.
Ga Kuluwa tun da haƙoranta,
ni na tarar da ita tana tauna goro da dasashi.
Wanda ya harɗe hannu, Arzika,
wannan rigar ba tasa ba ce,
ta ƙanen matarsa ce, dubi inda ta tsaya masa."

Yara suka fashe da dariya.
Tarihi ya sauko daga igiya
ya zauna a benci tare da mu.

Can gefen hagu akwai wani dishi-dishi,
kamar hayaƙi mai ƙafa ɗaya.
Ni na ɗauka lahanin wanki ne,
har na yi niyyar rufe shi da ɗan yatsa.
Nan ta ɗora nata.

"Babana ke nan. Mantau.
An ce kowa ya tsaya cik, kada a kifta ido,
baƙon ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle,
sai jakinsu ya kwance.
Ya sha ba mu labarin da dare,
muna cewa ƙari yake yi."

Shiru ya ɗan daɗe.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, "Ko a nan ma bai zauna ba.
Haka ya tafi cin rani, haka ya dawo, haka ya koma."

Na duba sauran, tsaye kyam, ido a buɗe,
an kama su duka kamar fara a sanho.
Shi kaɗai ya kuɓuce,
shi kaɗai har yau yake gudu
bayan jakin da ba ya cikin hoto.

Takardar Yamai ta ce kada a yi rubutu a kansu.
Na yanko bayan tsohon kalanda,
na ba Hantsi, mai kyan hannu a aji,
Tsahara na faɗa, ita tana rubutawa,
muka maƙala kowane suna da allura
ƙarƙashin mai shi.
Mutum bakwai ba ta gane ba.
Ta ce a kai wa makahon bakin tasha,
a kwatanta masa tsagen fuskarsu.

Rijiyar an cike ta tun ban zo duniya ba,
yanzu mai cajin waya ne a kanta.
Na bi ta wurin da la'asar,
na taka a hankali.

Dala biyar kuwa, sai da ta karɓa.